Abin da Baturiya Ta Sa a Waina

Sunanta na yanka Halima, amma ko ita kanta sai ta yi tunani kafin ta tuna da shi. Fara sol aka haife ta a Ɗansoshiya, kakarta ta dube ta ta ce wannan ai Baturiya ce, shi ke nan suna ya bi ta. Allah da ikonsa kuma sai ya haɗa ta aure da Rufa'i, wanda ya samu aikin kuku a gidan wani Bature mai haƙar kuza a Riruwai, can cikin duwatsun Doguwa. Shekara ashirin da huɗu suka yi a ɗakunan ma'aikata na gidan. Mutanen garinsu suna ganin ta tafi cin daɗi, ita kuwa abin da ta fi tunawa da Riruwai shi ne sanyi da kaburbura.

Sau shida ta yi naƙuda, 'ya'ya bakwai, don na ƙarshe tagwaye ne. Ɗaya tak ta rayu, Hasana. Da 'yar'uwar haihuwarta ta bi sauran, sai Rufa'i ya ce wurin nan ba ya karɓar musu 'ya'ya, ana yaye Hasana ya kai ta gida wajen yayarsa riƙo. Baturiya ba ta musa ba, tsoro ya hana ta. Ta haka 'yar da ta rage mata ta girma a hannun wata, uwa ta zama baƙuwar da ke zuwa da tsaraba shekara-shekara.

Abu biyu ta baro Riruwai da su. Na farko, ta iya wainar Turawa da Rufa'i yake kira kek. In ya bi Bature daji, inda babu murhun ƙarfe, a tukunyar ƙasa yake gasa shi, yashi a ciki, garwashi ƙasa da sama, kuma ya nuna mata har ta fi shi hannu. Na biyu abin da idonta ya gani ne. Matar Baturen ta yi ciki uku a gabanta, kullum safiya Rufa'i sai ya dafa mata ƙwai biyu, ta cinye ta lashe cokali. Duk ukun ta haife su tuɓul-tuɓul, suka tashi da surutu har a gaji da su. Ita kuwa Baturiya ko ɓawon ƙwai ba ta taɓa lasa ba da ciki, don tsofaffin garinsu sun ce ƙwai ba shi da baki, mai cikin da ta ci shi bebe za ta haifa. Ta kiyaye sarai, ta kuma binne shida. Wannan lissafi ya daɗe yana cin ta a rai, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da Bature ya koma ƙasarsu suka dawo gida, aka aurar da Hasana ga Bala, wani manomi mai kunya a Yako. Ba a rufa shekara biyu ba tari ya kwantar da Rufa'i, a 1951 ya cika. Ya bar mata ɗaki a gidan ƙanensa Adamu, da gwangwanayen gashi biyu da ta tura ƙarƙashin gado, da zabi kamar ashirin, da wani ɗan fili bayan rumbuna. Filin nan ta kewaye da dangar kara ta mai da shi lambu. Ba wani tsari gare shi ba. Kabewa ta hau danga ta sauka gidan maƙwabta, kuɓewa na tsere da rama, alayyafo ya fito inda ya ga dama, ga zogale uku a kusurwa. Amma daga farkon damina har kaka ba ta taɓa roƙon kayan miya a wajen kowa ba, ita ake roƙa.

Zabin kuwa ba su san godiya ba. Ka ba su hatsi a gida, su tafi su zuba ƙwai cikin ciyawa. Baturiya ta san duk gurabensu, kuma da ludayi take kwasa, ba ta sa hannu, tana barin biyu ko uku a ciki, don in zabuwa ta gane an taɓa mata gurbi sai ta sake wuri. In damina ta yi tsakiya ƙwai yakan yi mata yawa. Rafuka sun cika, masu saye su kai Kano sun daina zuwa, mata ba sa ci, yara an ce yana koya musu sata. Ta ba kaji su kwanta a kan wasu, ta dafa wa Adamu wasu, sauran tana kallo su zama baragurbi ta zubar.

A irin wannan damina ce, ta 1953, aka aiko mata daga Yako cewa Hasana ba ta jin daɗi. Ciki na uku ke nan. Na fari ya zo ba rai, na biyu ya zube a wata biyar. Baturiya ta yi sammako, hantsi ya dubi ludayi ta isa, ta tarar da 'yarta a kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, wuya ya zama tsinke, tafin hannu fari fat. Uwar Bala, Tani, mace ce mai kirki, kuma ta yi iya yinta.

"Wallahi Baturiya na rasa yadda zan yi da yarinyar nan," in ji ta. "Tuwo ba ya zama, ɗanwake ba ya zama. Rubutu ta sha, jiƙo ta sha. Koko kawai take kurɓa, shi ma rabin ludayi."

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Kalmar ƙwai ta zo mata har bakin leɓe ta haɗiye. Ta san amsar da za a ba ta, ta kuma san in ta furta sau ɗaya, duk abin da ta kawo daga baya sai an shinshina shi. Ta koma gida da la'asar tana tafe tana share hawaye da bakin mayafi, don ta san wannan kama. Haka ita ma take zama kafin kowane kabari.

Kwana biyu tana saƙa da warwara. A na uku ta samo alkama mudu ɗaya wajen wata mai alkaki, ta niƙa a dutse ta tankaɗe sau uku. Ta karɓi man shanu wajen Bafillatanar da ke kawo musu nono. Ta bari sai da mutanen gida suka tafi gona, sannan ta jawo gwangwanayen Rufa'i ta goge tsatsarsu da toka. Ta shiga lambu ta yanko kabewar da ta fi nuna, ta dafa ta dame. Ƙwan zabi takwas ta gwada a ruwa, duk suka nutse, ta fasa a ƙwarya ta sa maburgi ta yi ta burgawa har kafaɗarta ta ƙage, ƙwan ya tashi ya yi kumfa. Ta zuba gari da mai da mazarƙwaila, ta daka citta da kanumfari masu yawa don su danne ƙarni. Ta dasa gwangwani cikin yashi mai zafi, ta rufe tukunya da kasko, ta ɗora garwashi a kai. Kafin ya gasu ta tattara ɓawon ƙwan ta binne a gindin zogale, ta bi da ƙafa ta daddanne.

Da ta soka tsinke ya fito a bushe, ƙamshi ya cika gidan, sai ta yi maza ta rufe shi da faifai kamar wadda ta yi sata.

Washegari ta kai Yako a akushi, da ɗaurin alayyafo da zogale a kai. Hasana ta ɗan gutsura don kunyar uwa. Ta tauna, ta jira amai, bai zo ba. Ta ƙara gutsura.

"Inna, wannan wace irin waina ce?"

"Ta Riruwai ce. Babanki ya koya mini."

"Me ya sa ta yi ruwan ɗorawa haka?"

"Kabewa ce," in ji Baturiya, idonta a kan tabarma.

Tani ma ta ɗanɗana ta ce kai, Turawa sun san daɗi. Hasana ta cinye rabi a zaune, ta sha ruwa, ta yi barcin da ta kwana biyu ba ta yi irinsa ba.

Daga ranar Baturiya ta zama 'yar hanya. Duk bayan kwana huɗu sai ta gasa ta ɗauka, ko ana ruwa ko ba a yi, ta tsallaka rafi da akushi a ka, zane a cinya. Matan gidan Adamu suna tsokanarta wai ko wani tsoho ta gani a Yako. Ta yi dariya ta ce ai kuwa, mai gemu har ƙirji. Kumburin Hasana ya saɓe, kumatu suka dawo, har ta fara daka. Da zabi suka daina ƙwai bayan kaka, ta riga ta koma cin tuwo kamar kowa. Cikin sanyi ta haifi mace, mai rai, mai ƙarfin kuka. Aka raɗa mata Zuwaira, amma kowa Barmani yake ce mata, roƙon Allah ya bar musu ita. Ranar suna Baturiya ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, a ranta kuwa cewa take, ashe dai tsofaffi ma suna kuskure.

Da bazara ta biyu wani zazzaɓi mai zafi ya shigo ƙauyukan, mai sanƙarar da wuya. Ya kama Barmani, ta yi kwana tara ba a san inda za ta faɗa ba, sannan ta tashi. Aka yi sadaka aka gode wa Allah. Ban da Baturiya, ba wanda ya sake tuna zazzaɓin nan daga baya, alhali kuwa 'yar ta fara gwaranci kafin ta kwanta.

Ta yi shekara biyu ba ta ce Inna ba. Tani ta ce nauyin baki ne, ubanta ma sai da ya yi uku. Baturiya ce ta fara ganewa. Wata rana da azahar tana Yako hadari ya haɗo, aka saki tsawar da ta sa awaki tsinke igiya, manya suka yi salati. Barmani na zaune tana wasa da marfin kwano, ko ɗagowa ba ta yi ba. Baturiya ta zagaya bayanta ta tafa hannu da ƙarfi dab da kunnenta. Yarinyar ba ta juyo ba.

Tun daga ranar ba ta ƙara samun kwanciyar rai ba. In ta ce zazzaɓi ne, sai wata zuciyar ta ce, to yaran da suka yi shi suka tashi da bakinsu fa? In ta tuna 'ya'yan matar Bature, sai ta ce wa kanta, ke kin san ko cikin Turawa daban ne da naki? Har wajen Malam Hayatu limami ta je, ta yi tambayar a kaikaice, wai wata ce a Riruwai. Malam ya ce shi dai bai ga inda littafi ya hana mai ciki ƙwai ba, amma sha'anin ciki na tsofaffin mata ne, su suka san abin da suka gani. Ta taso kamar yadda ta je. Tana son jikar nan kamar ranta, kuma duk sanda yarinyar ta buɗe baki ta nuna abu da yatsa, sai Baturiya ta ji kamar ita ake nunawa.

Aka shiga daminar 1957 Hasana na da ciki na huɗu, ciwon ya dawo sak irin na da. Baturiya ta ji labari, ta yi kwana uku tana kai hannu ga gwangwani tana janyewa. Daga baya ta ce, bebe mai rai da uwa mai rai sun fi kabari biyu, Allah ya gani. Ta gasa ta ɗauka.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Hasana ta riga ta. Tausayin uwarta ta ji, ga tsufa ga rafi, ta ce bari ta hutar da ita. Tun shekarun baya ta tambayi yadda ake wainar, Baturiya ta lissafa mata komai har yashin tukunya, abu ɗaya kawai ta tsallake. Bala ya samo alkama da kwanon ƙarfe, Tani ta kama mata. Suka gasa, ta fito a daskare kamar ƙasar gini. Suka ƙara kabewa, ta cushe. Suka sa kanwa, ta yi ɗaci. Sau huɗu suna yi. A na huɗun Tani ta juya abin a hannunta ta ce, "Ikon Allah, ta uwarki kuwa har tashi take yi, da 'yan ƙofofi a ciki." Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma Hasana ta kalli Barmani, ta tuna gidan wa ƙwai yake yin yawa da damina.

Baturiya ta yi sallama ta shiga ɗaki, ta tarar da 'yarta zaune ta jingina da bango, Tani na gefe tana kaɗi. Ta ajiye akushi ta buɗe. Hasana ba ta miƙa hannu ba, sai ta jawo faifai ta buɗe tata wainar ta tura gaban uwar.

"Inna, ga tawa. Duk abin da kika faɗa na sa. Me ya rage?"

"Hannu ne, 'yar nan. Sai an saba."

"Inna." Muryarta ba ta tashi ba. "Ban taɓa yi miki musu ba tunda nake. Ki ce wallahi babu ƙwai a ciki, yanzu in cinye ta a gabanki. In kin rantse na yarda."

Tani ta ajiye mazari. Baturiya ta dubi ƙafafun 'yarta da suka kumbura, ta dubi wainar. Kalma ɗaya ce, kuma ta san Hasana za ta yarda, don neman yarda take yi, yunwa take ji, idonta ma a kan akushin yake. Amma shekara hamsin da 'yan kai Baturiya ba ta taɓa kama sunan Allah a kan ƙarya ba.

"Akwai," in ji ta. "Takwas nake sawa. Don ki rayu na yi, Hasana. Shida na binne, ban ci ko ɗaya ba."

Tani ta yi salati ta dafe kai. Hasana kuwa ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta jawo Barmani ta zaunar a cinyarta.

"Wata huɗu kina ba ni, ina ci ina sa miki albarka. Ki dube ta, Inna. Ba za ta taɓa kirana ba."

"Zazzaɓin nan da ta yi..."

"Kin tabbata?"

Baturiya ba ta tabbata ba, kuma ba ta iya cewa ta tabbata ba. Hasana ta rufe akushin da hannunta ta tura mata.

"Ki yafe mini, ke uwata ce. Amma har in sauke abin da ke cikina, ko ruwa kada ki miƙo mini."

Ba wanda ya kore ta daga Yako, ba wanda ya zage ta. Tani ma har bakin hanya ta raka ta tana cewa ta yi haƙuri, zuciya ce, za ta huce. Baturiya ta bar waina, ta koma aika abin da ido ke gani. Ta tsinko alayyafo da zogale da kuɓewa ɗanya ta ba masu zuwa Yako, aka dawo mata da su a yamutse. Ta yanka zabo ta soya ta aika, aka dawo da shi. Bala da kansa ya zo ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, a yi mana aikin gafara. In aka ce daga nan abu ya fito, ko miyar da aka sa shi ba ta sha. Har na gidanmu yanzu sai ta ga an dafa a gabanta." Baturiya ta tambaye shi me take ci. Ya ce koko.

Ta ci gaba da zuwa hannu rabbana. Ta zauna a bakin ƙofa, Hasana ta gaishe ta da ladabi, ta ga wuyan ya ƙara ramewa, ta taso. A gida zabi na ta zuba ƙwai kamar da gayya, ta daina ma bin gurabensu. Lambun ya yi kyan da bai taɓa yi ba, kabewa har ta karya danga, kuɓewa ta tsufa a jikin uwarta ba mai tsinka. Ta san abin da zai tashi 'yarta yana nan cikin ciyawa, taku ashirin daga ɗakinta, kuma ba ta da hanyar da za ta kai shi bakinta.

Ana cikin yankan gero, wata bakwai da cikin, naƙuda ta zo wa Hasana ba lokaci ba. Ɗan bai zo da rai ba, ita kuma jini ya ƙi tsayawa, ba ta da ƙarfin da za ta jure. Ɗan aike ya iso Ɗansoshiya da hantsi. Kafin Baturiya ta kai Yako maza sun dawo daga maƙabarta.

Ta zauna cikin mata a tsakar gida har aka yi la'asar. Tani, da idanunta suka kumbura don kuka, ta matso ta kama hannunta, tana neman abin da za ta faɗa mata mai sanyi.

"Ki yi haƙuri, Baturiya. Kwana ne ya ƙare. Ke dai kin fita haƙƙin Allah, an tambaye ki kin faɗi gaskiya, ba ki yi rantsuwar ƙarya ba. Wannan zai tsaya miki ranar gobe."

Baturiya ta zare hannunta a hankali.

"Da na rantse, Yaya," in ji ta. "Wallahi ɗaya ta nema. Da na ba ta, ni wuta ta ci ni, ita tana nan zaune tana cin abinci."

Mata suka ɗauki a'uzubillahi, wata tsohuwa ta ce ta yi istigfari maza, baƙin ciki ne ya sa ta saɓo. Suka tsaya suna jira ta janye. Ba ta janye ba.